Abin da Ilu Ya Faɗa a Zaure

"Da ni ce alƙalin, rataye shi zan sa a yi."

Lauratu ta faɗi haka tana rufe littafin a kan cinyarta. Suna zaune a zauren gidansu a Gumel bayan la'asar, Ilu yana can bakin tabarma. Shekara uku ke nan da gama yaƙin basasa, shi kuwa ya ajiye kaki ya kama tuƙin babbar mota zuwa Maigatari. Saura wata biyu a ɗaura musu aure.

Littafin ƙagaggen labari ne na wani soja da aka gurfanar a kotu don ya harbe mutumin da ya riga ya ɗaga hannu. Malam Ubale, abokin aikinta a firamare, shi ya ba ta aro. Mako guda malamai suna musu a kansa, wasu su ce umarni ya bi, wasu su ce kisa dai kisa ne.

"Kai me ka gani, Yaya Ilu?"

Bai ɗago ba.

"Masoyi... da kai nake."

"Wanda aka harbe ɗin, me ke hannunsa?"

"Ba komai."

"Nawa gorar ruwa ce a hannunsa."

Ta dube shi.

"A bakin wani rafi ne, da safe. Dattijo ne. Na ce tsaya, ya tsaya, ya ɗaga hannu... Ba wanda ya ba ni umarni, Lauratu. Tsoro ne kawai."

Ta jira ta ji kuka ya zo, ko fushi. Ba wanda ya zo. Ta miƙe ta shige gida, ta zauna tana wanke kwanukan da Iya ta riga ta wanke.

Kwana biyu bayan nan Malam Ubale ya iso wurin mahaifinta, ya kwashe labarin Ilu ya faɗa masa. Ashe wani ɗan'uwansa rundunarsu ɗaya da Ilu, don haka Ubale ya daɗe da sanin labarin, kamar yadda ya daɗe yana son Lauratu tana ƙin kula shi.

"Ba zan ba mai jini a hannu 'yata ba," in ji Baba. "A mayar musu da kayansu."

Lauratu ta ce to. Tana zuwa makaranta, tana rubutu a allo, tana dawowa. Abinci ba ɗanɗano, yini ba tsawo ba gajarta.

Da ta mayar wa Ubale littafinsa ta ce, "Da gangan ka ba ni."

"Gaskiya na so ki gani, Malama."

"Na gani. Shi da bakinsa ya faɗa mini, kai kuwa a bayan takarda ka ɓuya."

Iya ce ta yi maganar da ba a zata ba. Ɗanta na fari, Barau, ya tafi yaƙin nan bai dawo ba, ko kabarinsa ba a sani ba. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce da Baba:

"Malam, wanda ya harbe mana Barau yana can wani gari. Kullum ina tunanin ko yana tuna shi. Da zan ji yana tuna shi kamar yadda yaron nan yake tuna nasa, da na samu sauƙi."

Baba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya fita. Kayan dai ba a mayar ba.

Ranar kasuwar Maigatari Lauratu ta bi yayarta, ta sami Ilu a tasha yana ɗaure buhunan gero. Ya rame, leɓensa ya bushe.

"Azumi kake?"

"Na wata biyu. Wani malami a Ɗanzomo ya ce in yi. Ya ce bai yi mini alkawarin azumin zai wanke ni ba."

"Yau na nawa?"

"Sha tara."

Ta tsaya tana kallon igiyar da ke hannunsa.

"Ba zan ce na yafe maka ba, Yaya Ilu. Ba ni ka yi wa ba. Masu yafewar ko sunansu ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba."

"Kuma har yanzu ba na jin komai a raina... sai dai na rasa inda zan je in ba wurinka ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Lauratuna..."

"Ka ƙarasa azuminka. Ina nan."

Sati guda bayan ya cika sittin, da yardar Baba, aka ɗaura auren, ba kiɗa, ba taro mai yawa.

Sun yi zama na mutunci. Sai dai wani lokaci suna tsaka da cin tuwo Ilu yakan tsaya cak, hannunsa cikin kwano, idonsa a bango. Ba ta taɓa tambayarsa ba. Takan ajiye lomarta ta jira shi, in ya dawo su ci gaba da ci.