Goyo a Gindin Tudun Saulawa

Zakiyyu ba ya goyon baƙo a kekensa da dare, amma tsohuwar da ya tarar a bakin gonar rake ta yi masa sallama cikakkiya, har da tambayar mutanen gida, kuma mutumin ƙauye ya gwammace ya halaka da a ce ba shi da tarbiyya. Daga Ikara yake, da maganin 'yarsa Munira a aljihu. Ya baro ta a Saulawa zazzaɓi yana juya mata ido.

"Bismilla, hau, Inna."

Ta zauna a bayan keken, ta riƙe rigarsa da yatsu masu sanyi kamar gindin randa. Kwaɗin fadama suka yi tsit.

Kowa ya san in an zo tudu, wanda aka goya sauka yake yi a tura keke. Da suka iso gindin tudun Saulawa, Zakiyyu ya sa ƙafa a ƙasa.

"Inna, sauka mu taka."

"Ai na sauka, ɗana."

Daga gabansa muryar ta fito, can inda hasken tocila ya ƙare. Amma tayar baya tana nan a lotse, yatsun kuma ba su saki rigarsa ba. Bai waiga ba. Ya nemi Ayatul Kursiyyu, bakinsa ya ƙi kamo farkonta.

"Tura mana," in ji ta, yanzu a kunnensa. "Yarinyar tana jira."

"Ban ce miki ina da yarinya ba."

"Munira? Ai wurinta za ni. Hanyar gidan ce ban sani ba, sai ga ka."