Mai Gadin Kwali Arba'in da Ɗaya

Har na hau bas ɗin unguwar Mahjar sai na tuna ban kunna na'urar sanyaya sito ba. Na yi tsaki na sauka. Zafin Jidda da danshinta ba sa barin tsohuwar takarda ta kwana lafiya, ni kuwa a lokacin lafiyar takardun nan ita ce tawa.

Kwali arba'in da ɗaya ne, kayan wata ƙungiyar masana da ta yi zamaninta tana nazarin ƙasashen Asiya, ta mutu tun kafin a haife ni. Wasiƙun mambobi, rajistar taro, da jerin littattafan da alhazan Jawa da Indiya suka bari a hannun masu masauki. Daga wani tsohon gida a unguwar Ammariyya aka kwaso su zuwa wannan sito a yankin masana'antu na Jidda. Aikina in kakkaɓe kowane shafi, in ɗauki hotonsa, in mayar. Kafilina, wato ubangidan da nake zaune a ƙasar ƙarƙashin sunansa, ya ce ranar da aka miƙa kwalayen lafiya, ranar zai sabunta min iƙama, takardar izinin zama, ya ba ni bizar zuwa gida. Shekara huɗu rabona da Damagaram, rabona da matata Rakia.

Ustaza Bayan, haifaffiyar Jidda da ke kula da aikin, ta kafa min doka tun ranar farko.

"Ya Isha'aku, duk abin da ba na cikin fayil ba ne ka cire. Allura, roba, guntun waraƙa, wato takarda, kullu. Mafhum?"

To, a cikin kowane kwali, daga sama, akwai wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa, an rubuta *Ya Kabikaj, ihfazil waraƙ*. Da na tambaye ta sai ta yi dariya, ta ce camfin mutanen da ne, wai sarkin ƙwari ake roƙo ya tsare takarda daga gara da asu. Na cire guda arba'in. Da yake rubutun Larabci ne ban yarda in zuba su a shara ba, na ƙona su a bayan sito, har ina ganin na samu lada. Haka nake, ko ɓarna zan yi sai na yi ta cikin ladabi. Kwali ɗaya ya rage ban buɗe ba.

Ana kiran magariba na isa. Manyan motoci sun watse, titi ba kowa. Na ɗaga ƙofar ƙarfen, wani wari ya tarye ni, irin na ƙasar da gara ta jiƙa.

Na danna fitila. Ba ta kama ba.

Sai na ji sautin. Ƙus-ƙus-ƙus, a hankali, daga kowace kusurwa. Tauna ce.

Na haska wayata. A kan kwali na ƙarshe wani tsoho ne zaune, ƙanƙane, kansa a sunkuye. Hannuwansa sun yi tsawo har ƙasa, yana ta share gefen kwalin da su, dama da hagu, ba hutu. Duk inda ya share, ƙwari su ja da baya, su sake dawowa.

Na nemi Ayatul Kursiyyu a bakina, na rasa farkonta.

"Ka sauke min arba'in," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Na gode. Saura ɗaya."

"Baba, wane ne kai?"

"An kira ni na zo. Waɗanda suka kira ni sun mutu, ba wanda ya sallame ni." Ya ɗago. Idanunsa ba mugunta a ciki. Gajiya ce zalla, irin wadda nake gani a madubi kowace asuba. "Cire ta, ɗana."

"In na cire za su cinye. Iƙamata..."

"Na gaji."

Na ja da baya. Hannu ɗaya ya miƙo daga can, ya kama wuyan hannuna. Sanyi, ga kaushi kamar ƙafar kyankyaso.

Ya ja ni. Takalmana suna gurzar siminti.

Murfin ya buɗe. Yatsuna suka taɓa takardar.

Ta fito.

Ya saki wani dogon numfashi, kwalin ya zama ba kowa a kansa. Taunar ta tashi gaba ɗaya, har a cikin haƙorana nake jin ta. Abubuwa suka fara hawa ƙafata. Na kwasa da gudu, goshina ya daki ƙofa, ban tsaya ba sai bakin babban titi.

Gari na wayewa na koma, don tsoron rasa iƙama ya fi ƙarfin tsoron aljani. Kwali biyu sun fara zama gari. Na zauna a ƙasa na yanka takarda arba'in da ɗaya, na kwafi kalmomin nan daga wadda ta kwana a tafin hannuna. Ina cikin sakawa Ustaza Bayan ta shigo, ta tsaya tana kallona.

"Esh hada? Tayyib, ban hana ka ba. Amma ka san nizam, duk waraƙar da ma'aikaci ya ƙara a kwali sai ya sa sunansa da tarikh a ƙasa."

Dokar aiki ce, na bi ta sau ɗari ba tare da tunani ba. Na rubuta sunana da kwanan wata a ƙasan kowace ɗaya. Ina ɗaga biro daga ta ƙarshe sito ya yi tsit, ni kuma kafaɗuna suka yi nauyi kamar an aza min buhun gero.

An miƙa kwalayen. Kafili ya cika alkawari, iƙama ta fito, biza ta fito.

Sau uku ina zuwa filin jirgi. Da na doshi layin shiga sai taunar ta cika min kunne, hannuwana su fara share iska, dama da hagu, mutane suna matsawa daga kusa da ni. Ba na sanin lokacin da nake juyawa. Sai dai in ga kaina a ƙofar ɗakin da aka ajiye kwalayen, jakata a hannu, jirgi ya daɗe da tashi.

Ustaza Bayan tana yabona, wai ba ta taɓa ganin takardun da ƙwari suka ƙaurace wa haka ba. Rakia kuwa da ta kira ranar Juma'a ta tambayi lafiyata, ta tambayi zafi, ta ba ni labarin damina. Ba ta tambayi yaushe zan dawo ba.