Duƙushin Roba

Da hantsi aka kai wa Sufeto Mas'uda rahoto daga wata makarantar koyon aikin dabbobi a Wurno. Suna da goɗiyar roba da ake buɗe cikinta ɗalibai su ga kayan ciki, har da ɗan duƙushi kwance a mahaifa. Duƙushin ne ya ɓace. Shugaban makaranta ya riga ya ce maigadi Mainasara ne, dattijo mai 'ya'ya shida, kuma gobe zai sallame shi.

Mas'uda ta buɗe cikin goɗiyar. Hanji, hanta da tumbi, kowanne yana mazauninsa daidai. Malamin ajin ya ce sai an fitar da su duka kafin a kai ga mahaifa.

"Baba Mainasara, ina saifa?" ta tambaya.

Tsohon ya nuna huhu. Wanda bai san saifa ba, ba zai iya mayar da kayan daidai ba. Ta yi murmushi ta ce ya je ya sha ruwa.

Ta tara ɗalibai, kowa ya rantse bai taɓa ba. Wata mai suna Salima ta ce tun Alhamis tana kwance da zazzaɓi. Amma Mas'uda ta lura ta yanke farcenta ƙwal, kuma tana ɓoye hannun dama cikin hijabi. Ta ja ta gefe, ta ɗaga hannun a hankali kamar yadda take duba na ɗiyarta. Ya kumbura har gwiwar hannu.

"Mi yas samu hannunki?"

Hawaye suka zubo wa Salima, ta fara bayani. Goɗiyar babanta ce a ƙauyensu Tursa, ita kaɗai gare shi, ta yini tana naƙuda, ƙafar ɗan ta lanƙwashe ciki. Baban ya hana ta sa hannu, wai ɗiya mace ba ta san wannan ba. Sai ta hau mota ta ɗauko duƙushin, ta lanƙwasa ƙafarsa a gabansa, ta nuna masa yadda za ta miƙe ta. Ya daɗe yana kallo kafin ya matsa, ya bar ta ta sa hannu cikin goɗiyar.

"Ni naɗ ɗauke shi, Anti. Yana cikin jakata."

"Da kin bari an kori tsoho kina kallo?"

Salima ta je ta durƙusa gaban Mainasara. Ya ce ta tashi, ya yafe.

Mas'uda ta riƙe ta ta hannun hagu zuwa mota, don a rubuta bayani a ofis. A hanya ta rage murya.

"Ɗan goɗiyar ya rayu?"

"Yana shan nono."