Kunnen da Aka Ƙara wa Mai Gadi

Gajimare ya sauko daga dutsen Buea ya shige Molyko har cikin shaguna ranar da aka kawo wa Sufeto Efosi Mbua ƙarar asibiti. Wai hirar marasa lafiya da likitoci ta waya tana zurarewa waje. Kafin tsakar rana an kulle Liengu, ƙaramar ma'aikaciyar kamfanin da ke tsaron layin, don sa hannunta ne a kan aikin. Yarinyar da ko kaza ba ta iya kora ba, ga ta tana jiran kotu.

Ofishin kamfanin yana saman shagon mai suyar fanke. Babban injiniyansu, Mola Ndive, na zaune bakin taga, abin sauraro maƙale a kunne.

"Mola, yi mini bayani kamar kana yi wa kakarka," in ji Sufeto.

"Akwai manhajar da muke ce wa Mai Gadi. Duk saƙon da zai shiga asibiti ko ya fita, ta hannunsa yake bi. To kowace na'ura da yarenta. In an kawo sabuwa, sai mu rubuta masa ɗan ƙari ya riƙa jin yaren. Kunne muke ce wa ƙarin."

"Wa ke rubutawa?"

"Ɗaya ya rubuta, ɗaya ya duba."

"Wannan kunnen da ke ɗibar hira, wa ya duba shi?"

"Ban taɓa ganinsa ba, Madam." Gajimaren yake kallo, ba ita ba.

A ofishin 'yan sanda, inda aka kulle ta, Liengu ta yi kuka har muryarta ta dushe.

"Anti, ni ko yaren ban sani ba. Na tsohuwar na'urar amsa waya ne. Tun kafin a ɗauke ni aiki aka ajiye ta."

"Sa hannunki fa?"

"Ba ma kulle kwamfuta in za mu sauka cin fanke da wake. Ai gida ɗaya muke."

Sufeto ta wuce asibitin, ta ce a kunna mata abin da ya zurare. Kafin kowace hira sai muryar wata mace ta fito, a sanyaye kamar mai lallashin yaro: "Sannu da kira. Kada ka kashe, ina nan tare da kai."

Shugabar nas-nas ta dafe ƙirji.

"Enanga ce. Nas ɗinmu ce, ta rasu. Da aka sauya na'ura muryar ta tafi. To wa ya dawo da ita?"

"Tana da miji?"

"Mola Ndive mana. Shi ne ma ya haɗa mana layin."

Da Sufeto ta koma, Mola Ndive yana inda ta bar shi. Ta zare abin sauraron daga kunnensa ta sa a nata. Muryar ce. Ta daɗe a tsaye, ruwa na gangarowa a gilashi, har ta manta da wa ta zo kamawa. Tausayinsa ya kama ta, kuma haushinsa bai sake ta ba.

"Ni na rubuta," ya ce. "Na sa kira ya riƙa bi ta tsohuwar na'urar, ya faɗo wayata. Ban iya raba gaisuwarta da hirar mutane ba."

"Ba sai ka kwafi muryar ka ajiye ba?"

"Ina da kwafi. Kwafi ba ya amsa wa kowa, Madam. Ni so nake in ji tana bakin aiki."

"Liengu fa? Sa'ar 'yar cikinka ce."

Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka ba wanda zai duba."

Da yamma aka saki Liengu, aka kawo ta ta cire kunnen, shi kuma yana tsaye da ankwa. Ya roƙi kira ɗaya. Sufeto ta buga lambar asibitin ta kanga masa wayar.

"Kada ka kashe, ina nan tare da kai."

Liengu ta dube shi, yatsanta a kan madanni.

"Danna, 'yata," ya ce. "Ni ba zan iya ba."

Ta danna. Sufeto ta riƙe hannunsa suka sauka matakala, suka shiga gajimaren.