Kwalba Ta Shida

La'asar ɗin Lahadi ta gota, amma Siddiƙa ba ta ko ɗosana ƙugunta a tabarma ba tun asuba. Ta wanke tumatir da tattasai, ta kai niƙa, ta soya miya har mai ya taso. Yanzu kuma tana tsugune gaban murhun gawayi, tana kallon kwalabe biyar suna rawa a cikin tafasasshen ruwa. Ƙafafunta sun kumbura, bayanta kamar an daka a turmi.

Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Dutsi. Litinin da sassafe take barin Daura, ba ta dawowa sai Juma'a da yamma. Watanninta takwas da auren Abdulbaƙi, malamin sakandare, kuma gida ɗaya suke da mahaifiyarsa Inna Barakatu, wadda ciwon gwiwa ya hana doguwar tsayuwa a kicin. Firij dai akwai, amma yadda wuta take wasan ɓuya a unguwar, ya daɗe da zama kabad. Shi ya sa Siddiƙa ta koyi wannan dabara a wurin wata abokiyar aikinta: a zuba miya da zafinta a kwalba, a rufe gam, a dafa kwalbar har murfin ya lotsa. Kwalba ɗaya, rana ɗaya. Abin da ya rage wa Inna shi ne ta ɗora shinkafa ko ta tuƙa ɗan tuwo.

"Oh ni Barakatu!" in ji Inna daga inuwar dalbejiya, tana jan carbi. "Na rayu na ga ana dafa kwalba. Miya kamar maganin tari, ta Litinin daban, ta Talata daban!"

"Inna, don ki huta ne."

"Hutun me? Ta Larabar da ta wuce kumfa take yi. Ta Alhamis kuwa ko akuya ba ta sha ba."

Siddiƙa ta ci gaba da fifita wuta. Gaskiya Inna ta faɗa, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Mako biyu a jere miya tana tsami, alhali ba abin da ta rage a cikin aikinta.

Abdulbaƙi ya fito daga ɗaki ya tsuguna kusa da ita, ya karɓi mafici yana yi mata fifita. Ya rage murya, ya kira ta da sunan da yake lallashinta da shi, ya ce, "Sori, Diya. Kin gaji."

"Na gaji, Malam. Wallahi na gaji. Ka dai tuna wa Inna abin da na ce, kada a buɗe kowace sai ranarta."

"Kar ki damu, an gama."

An gama ɗin nan na Abdulbaƙi! Mutum ne mai son matarsa kamar ransa, amma in ya zo gaban uwarsa da wata magana sai ya haɗiye ta da miyau, ya koma tambayar ya gwiwa.

Ranar Juma'a Siddiƙa ta sauko daga mota a galabaice, ta karɓi haihuwa bakwai a makon. Tun daga zaure ta ji gidan wani iri. Inna tana kwance a tabarma ta rame, ga kofin ruwan gishiri da sukari a gefenta. Abdulbaƙi ko amsa sallama bai yi da kyau ba.

Sai da suka shiga ɗaki ya buɗe baki. "Kwana biyu Inna tana zawo! Kwana biyu, Siddiƙa! Ta ci ta Laraba don kada a ce ta yi almubazzaranci. Ni na kai ta kemis a kan babur, tana riƙe da ni kamar za ta faɗi. Kina can kina kula da matan wasu, uwata tana nan..."

"Malam, don Allah ka saurare ni..."

"Na gama saurare! Kawu ma ya yi magana. Ko dai ki ajiye aikin nan ki zauna ki dafa mana abinci kamar kowace mace, ko kuma..." Bai ƙarasa ba. Ya fice, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Ta shiga kicin tana share hawaye. Kwalbar Juma'a tana nan a kan kantar kicin, ba a ci ba. Ta danna murfin da yatsa, ya yi ƙas, ya dawo. An taɓa buɗe ta. Ta ɗaga ta a haske, sai ta ga miyar ta sauka daga inda ta cika ta, kamar cokali biyu. Nan take ta gane. Wani yana buɗe kwalaben duka tun farkon mako, yana ɗiba kaɗan-kaɗan yana mayar da murfi. Zafin Daura kuwa ba ya jiran kowa. Kuma wa yake wuni a gidan ban da Inna?

Ta daɗe a tsaye da kwalbar a hannu. Maganar tana bakinta, kalma biyu kawai, ta wanke kanta. Amma ta yaya za ta dubi mijinta ta ce uwarka ce? Tsohuwa tana kwance ba lafiya? Ko ya yarda ko bai yarda ba, wani abu zai karye a gidan wanda ba ya ɗoruwa. Ta juye miyar a kwata, ta wanke kwalbar. Ranar Asabar ta zauna ta rubuta takardar barin aiki, ta miƙa wa Abdulbaƙi. Shekara uku tana karatun nan, ga shi layi shida sun cinye shi. Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

Lahadi da hantsi ba ta kunna gawayi ba. Tana ba Inna kunu, Abdulbaƙi yana zaune a bakin ƙofa da takardar a aljihu, sai aka yi sallama. Goggo Hasana ce, tsohuwar da ke bayan katangarsu, ƙawar Inna tun suna kai tallar fura wajen rijiyar Kusugu. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a kusa, idonta ma ya fara hazo. Ta shigo tana dogara sanda, da ɗan kwanon sha a hannu.

"Na zo duba mai jiki, na kuma dawo da kwano. Ina amaryar tamu? Zo nan, 'yar albarka!" Ta kamo hannun Siddiƙa ta riƙe. "Miyar da kike aiko min duk Litinin, ita nake lallaɓawa in yi kwana biyu. Allah ya ba ki masu yi miki!"

"Ni, Goggo?"

"Ke mana! Barakatu ta ce kin ce kada a manta da ni."

Inna ta kawar da kai tana gyara ɗankwali.

"Inna," in ji Abdulbaƙi a hankali, "daga ina kike ɗibar miyar?"

"Daga kwalaben mana, daga ina kuma? Cokali biyu a kowace, don kada ɗaya ta yi kasawa. Shekara talatin ba a taɓa sauke tukunya a gidan nan ba tare da an miƙa wa Hasana ta katanga ba. Mata sun fara cewa tun da aka kawo 'yar boko kwano ya daina tsallakawa. Zan zauna a ɓata sunan matar ɗana? Ai ina mayar da murfin, in ɗaure tam!"

Abdulbaƙi ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi! Inna, in an buɗe ta sau ɗaya shi ke nan, iska ta shiga. Sau uku Siddiƙa tana ce min in gaya miki. Ni ne ban faɗa ba. Nauyinki na ji."

Inna ta yunƙura ta tashi zaune. Ta dubi Siddiƙa. "Kin sani?"

"Tun shekaranjiya, Inna."

"Kika yi shiru? Ina ta yi miki gori, za ki bar aikinki, kika yi shiru?"

"Ke uwa ce. Kuma ni ma da laifina. Na ƙirga ranaku biyar, na ƙirga mutum biyu, ban taɓa tambayar wa kuma yake ci a tukunyar gidan nan ba."

Inna ta jawo ta jikinta, suka fashe da kuka. Goggo Hasana da ba ta gane kan zancen ba ita ma ta taya su, tana cewa, "Ni dai miya ta yi daɗi, wallahi!"

Abdulbaƙi ya zaro takardar ya yayyaga. Ya durƙusa gaban matarsa, a gaban uwarsa, abin da bai taɓa yi ba. "Ki yafe min, Diya. Na ɗora miki kayan da ni na ɗaure."

"Na yafe. Amma tashi ka je kasuwa, rana tana yi. Yau kai za ka kai niƙa."

Gajiya dai ba ta bar Siddiƙa ba, har yau takan sauke tukunya bayanta yana ciwo. Sai dai yanzu Inna ce ke zama a kujera tana cire hancin tattasai, Abdulbaƙi yana wanke kwalabe yana fifita wuta. Da ta yi saurin nuna yatsa ranar Juma'ar nan, da ta ci gardama ta rasa uwa. Haƙurinta ya tsare mata aikinta da aurenta. Shi kuma ya koyi cewa kunyar da za ta hana ka isar da saƙo tsakanin matarka da uwarka cuta ce, ba ladabi ba.

Kwalaben sun zama shida. Ta shidan Inna ta ɗaura mata jan zare a wuya, kuma duk Litinin da safe ita da kanta take miƙa ta ga Goggo Hasana ta katanga, a rufe.