Gidan Da Garin Fure Ba Ya Shiga

Ranar da Auta ta fara ganinsa, da atishawa ta tarbe shi. Tana zaune a teburin karɓar baƙi na asibitin haƙorin da take aiki, sai ga shi rungume da tukunyar furanni da likitan ya sa a kawo. Kafin ya ajiye, idanunta sun kaɗa sun yi ja, hawaye na zuba.

"Don Allah malam, fita da su!"

Ya fice a guje, ya dawo hannu rabbana, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Yau ga ikon Allah. Kowa ya gan ni murna yake yi, ke kuma kuka."

Dariya ta kama ta tana share ido. Ta gaya masa tun tana ƙarama garin fure, wato ƙurar da ke tashi daga furanni, ke tayar mata da mura, in abin ya tsananta har numfashinta sarƙewa yake. Shi kuma, cikin rashin sa'a, a lambun furanni yake aiki.

Daga nan ya riƙa biyowa yana gaishe ta ta taga. Gaisuwa ta zama hira, hira ta koma waya.

"Sanyin idona, na yi wanka, na canza kaya, ko ganye ban taɓa ba. A ba ni izinin zuwa?"

"An ba ka, Mai Lambu. Amma ka bar hular nan a gida, ita ce babbar mai laifi."

Mama ba ta ƙi yaron ba, sai dai hankalinta ya fi kwanciya da ɗan ƙawarta, akanta ne, daga ofis sai gida. Auta kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

Wata rana ruwa ya tsare ta a hanya, Mai Lambu ya rage mata hanya a motar da yake kai furanni. Kafin su isa gida ƙirjinta ya ɗaure. Asibiti ya wuce da ita, aka sa mata iska.

A barandar asibitin, Mama ta same shi tsaye. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗana, na san kana son ta. Amma so ba ya buɗe ƙirji. Kullum za ka shigo mata da abin nan a gashi, a riga, a takalmi. Ka yi haƙuri."

Bayan an sallame ta sai ya ɗauke ƙafa. Saƙo ɗaya tal yake turowa da safe: "Ya jiki?" Ana nan, abokiyar aikinta ta ce ta gan shi a shago da wata mata suna zaɓen labule, suna ta dariya. Da yamma Auta ta rubuta masa:

"Allah ya sanya alheri. Amma da ka gaya min da bakinka."

Nan take amsa ta shigo.

"Haba zuciyata. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Labulen kuma naki ne. Ki roƙar min Mama ta zo ta ga wani abu."

Da ƙyar Mama ta yarda, suka tafi tare da Auta. Ashe gida ya kama nesa da lambun. Kana shiga za ka tarar da ɗan ɗaki mai banɗaki, da kwando mai murfi na kayan aiki da wurin ajiye takalmi. Sai mutum ya yi wanka sannan ya buɗe ƙofa ta biyu. A cikin gidan kuma, Mai Lambu ya cire kafet ya sa tayil. Tagogi duk an sa musu raga mai ƙananan ido, labulen kuma marasa nauyi ne, masu saurin wankuwa. Ga na'urar tace iska a ɗakin kwana, ga igiyar shanya a cikin gida don kada kaya su kwaso ƙura a waje.

"Likitanta na je na tambaya, Mama. Ya ce da safe da ranar iska a rufe tagogi, kuma a daina shara, sai goge-goge da jiƙaƙƙen tsumma."

Mama ta shafa gefen taga ta duba yatsanta. Ta zauna, ta ƙi tashi, tana sauraron numfashin 'yarta. Auta na ta jan iska son ranta, ko tari babu.

Can Mama ta dube shi.

"Yanzu ɗoki ne. Ranar da ka dawo a gajiye fa?"

"Zan gaji, Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Sai in yi wankan a gajiye."

Mama ta jinjina kai, ta gyara mayafi.

"Ka turo manyanka su ga babanta."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Da Mama ta zo tafiya ta bar su, ta kama hannun Auta ta sa a nasa.

"Ga ta nan, da ita da numfashinta. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Suka haɗa baki suka ce amin.