'Yan Jirgi Ɗaya

Ruwa ya ci gadar da ke kai wa garin Labasa, ba shiga ba fita, ranar da aka yi sata a gidan Shiu Narayan, manomin rake. Saja Tevita, ɗan sanda, fakewa kawai ya shigo yi, sai aiki ya same shi.

Jakar Premila aka buɗe, ƙanwar Shiu da ta zo daga Sydney. Ta daɗe tana bibiyar ma'ajiyar tsoffin takardu ta gwamnati kafin a aiko mata da shaidar saukar kakansu daga Indiya, haɗe da ta kakan Rajnesh, wanda zai auri Kamini 'yar Shiu. A al'adarsu, waɗanda suka ƙetaro teku a jirgi ɗaya 'yan'uwa ne, zuriyarsu ba ta auren juna. Shiu ya rantse in jirgin ɗaya ne, an fasa auren. Ambulan yana rufe, ana jiran dattawa.

"Me da me aka ɗauka?" in ji Saja.

"Ambulan uku," in ji Premila. "Na ma'ajiya, na tikitina, da na likita. Ga awarwaron zinare, ko taɓa shi ba a yi ba."

Rajnesh yana hayin kogi, ya fita daga zargi. Saja ya juya ga Kamini.

"Ke ce mai riba."

"Da ni ce, Saja, da tuni ambulan ɗin ya shiga murhu, ya dafa maka shayin da kake sha."

"Kin iya Turanci?"

"Ni nake koyar da shi."

Shiu kuwa ya fi kowa ƙaguwa a karanta. Saja ya ajiye kofi, ya cire takalmi, ya shiga ɗakin bauta. Aji, mahaifiyar Shiu, tana zaune gaban fitilar mai.

"Aji, wanda ya iya karatu ambulan ɗaya kawai zai ɗauka, ya bar wa baƙuwa tikitinta. Ke kaɗai ce a gidan nan ba ki rarrabe su. Kuma ba za ki ƙona takarda mai ɗauke da dangwalen yatsan surukinki ba. Suna nan kusa."

Tsohuwa ta ɗaga zanen da ke ƙarƙashin fitilar. Ga su, duka uku.

Shiu ya tsaya bakin ƙofa. "Mama, me ya kai ki?"

"Jirgin ɗaya ne, ba sai ka buɗe ba. Da suna raye, kakannin nan biyu tare suke kuka duk shekara in ranar saukarsu ta zagayo." Ta miƙa masa ambulan ɗin ma'ajiya. "Babana ma a cikinsa ya zo. An sani, aka yi shiru aka ɗaura aurena da ubanka, don rake ba ya jiran mai sara. Tara dattawanka ka karanta. In ka gama, sai ka faɗa musu ni mece ce wurin ubanka."

Ruwa na dukan rufin kwano. Shiu ya jima yana juya ambulan ɗin a hannu, Kamini na bayansa.

"Saja," ya ce, "ashana gare ka?"

"Ba na shan taba a bakin aiki. Amma na ga fitila a kunne."